Kafin Kujera, Wace Hanya Ya Biyo?

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Anka, da Gummi, da Bukkuyum, da ƙauyukan da ke kewaye da su, domin daga ƙasarsu sharhin yau zai tashi.

Duk lokacin da aka naɗa sabon kwamishinan lafiya, ko shugaban babban asibiti, ko minista, abin da ake karanta mana kusan iri ɗaya ne. Sunansa, da garinsu, da jerin digirorinsa. Daga nan sai 'yan'uwa da abokan arziki su yi ta zuwa murna. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba. Wace hanya ya biyo kafin ya iso wannan kujera? Ya taɓa kwana a asibitin ƙauye? Ya taɓa tsayawa gaban uwar da ɗanta ke jijjiga a cinyarta, ga dare, ga babu wuta, ga babu magani? Maganar da sharhin yau ya ɗauko ke nan. Shugaban kiwon lafiya a fagen aiki ake gina shi, tun kafin a ba shi ofis. Kuma babu inda ya ga gaskiyar wannan magana da idonsa kamar yammacin Zamfara.

To, bari mu fara da abin da ya faru a gida.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suna zagayen sa ido kan sanƙarau, kamar yadda aka saba idan zafi ya shigo. Sai suka riƙa jin labarin da bai yi kama da sanƙarau ba. A ƙauyen 'Yargalma na ƙaramar hukumar Bukkuyum, da Dareta ta ƙaramar hukumar Anka, ƙananan yara suna ta mutuwa. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki. Sai ya yi laushi. Sai jijjiga ta kama shi. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru. An ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, shiru. Tun kafin nan ma, mutanen ƙauyukan sun lura agwaginsu suna mutuwa a bakin tafki, amma babu wanda ya haɗa wannan da wancan.

Da aka aika jinin wasu yara Turai aka gwada, sai gaskiya ta fito. Gubar dalma ce. Dutsen zinaren da maza ke haƙowa daga ramuka cike yake da dalma. Ana kawo shi gida a buhu. Ana farfasa shi a tsakar gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa irin na hatsi. Ƙurarsa ta sauka a tabarma, ta sauka a kwanon tuwo, ta sauka a ƙasar da jariri ke rarrafe yana sa hannu a baki. Manya sukan ɗan jure. Jikin ƙaramin yaro kuwa zuƙe dalma yake yi, ta wuce kai tsaye ta taɓa ƙwaƙwalwa. Na'urar gwajin jini da aka zo da ita tana da iyakar lambar da take iya nunawa, kuma jinin yara da yawa ya zarce wannan iyaka. Binciken gida-gida da aka yi a ƙauyuka biyun nan ya nuna cewa cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya ya rasu a cikin shekara guda. Gaba ɗaya, an ƙiyasta yara kusan 400 ne suka tafi. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceton iyayensu ne.

Masu sauraro, ba don a tayar da mikin da ya fara warkewa aka kawo wannan ba. An kawo shi ne don mu duba su wane ne suka shiga ƙauyukan a lokacin, kuma ina suka kai daga baya.

Cikin 'yan Najeriyar da suka yi wannan bincike akwai Dakta Nasir Sani Gwarzo, mutumin Kano, wanda a lokacin likita ne mai bin diddigin cututtuka a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Sunansa na cikin rahoton kimiyya da aka wallafa kan abin da aka gano a ƙauyukan. Da cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, yana cikin waɗanda aka ɗora wa aikin tare ta a mashigan ƙasa. Da mace-mace suka yawaita a Kano a farkon annobar korona, a 2020, shi ya jagoranci tawagar da Gwamnatin Tarayya ta tura. Ya kai matsayin babban sakatare, ya riƙe ma'aikatu daban-daban, har da ta jinƙai da ta ilimi. Ku dubi jerin nan da kyau. Ƙurar Zamfara ta riga kujerar babban sakatare zuwa.

Tare da shi akwai wasu matasan likitoci da ke cikin wani shirin horar da masu bin diddigin cututtuka, wanda Najeriya ta buɗe a 2008. Tsarin shirin shi ne ɗalibi ya fi daɗewa a fage fiye da aji. Shekara biyu kacal da buɗe shi, sai ga jarrabawa ta gaske a Dareta da 'Yargalma. Su ne suka bi gida-gida suna tambayar iyaye mata: yara nawa kika haifa, nawa ne a raye, yaushe wannan ya fara ciwo, ana daka dutse a gidan nan? Wanda bai san ƙasar Hausa ba zai ɗauka tambayoyi ne masu sauƙi. Ba haka ba ne. Sai an fara zuwa wurin hakimi. Sai dagaci ya haɗa ka da mai unguwa. Sai ka yi sallama a zaure ka jira maigida, kuma sau da yawa sai mace ce za ta iya wucewa ciki. Sannan maigida yana tsoron idan ya faɗi gaskiya za a hana shi sana'ar da yake ci da iyali. Duk wanda ya koyi yadda ake samun gaskiya a irin wannan zaure, ya koyi abin da babu jami'ar da ke bayar da takardarsa.

Yanzu mu ɗan ɗaga kai mu dubi sama, wato Abuja.

Farfesa Muhammad Ali Pate ɗan Misau ne a jihar Bauchi, an haife shi a 1968. Ya yi karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya yi aiki a Gambiya. Ya ƙaro ƙwarewa a Amurka kan cututtuka masu yaɗuwa, ya haɗa da karatun tafiyar da ma'aikata da dukiya, sannan ya yi shekaru a Bankin Duniya. A 2008 aka kira shi gida ya shugabanci hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. A lokacin shan inna ya yi wa Arewa katutu, kuma jama'a da yawa ba su yarda da allurar rigakafi ba. Abin da aka fi tunawa da shi a wannan kujera ba wata sabuwar na'ura ba ce. Zuwa fada ne. An kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko a 2009, da goyon bayan Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Sarki ya ɗiga wa ɗansa ko jikansa maganin a bainar jama'a, talakawa suka gani, kuma gani ya kori ji. Yawan yaran da ke kamuwa ya faɗi warwas cikin shekara biyu. A zamaninsa ne kuma aka fara shirin tura ungozomomi zuwa asibitocin karkara. Ya zama ƙaramin ministan lafiya a 2011, ya sauka a 2013. A 2023 an zaɓe shi ya shugabanci Gavi, babbar ƙungiyar samar da rigakafi ta duniya, amma ya ajiye tayin ya dawo ya karɓi kujerar ministan lafiya.

Abin lura a nan shi ne mutumin ya haɗa abu uku. Ya san ciwo, ya san lissafin kuɗi, ya kuma san yadda ake gaida sarki. A ƙasarmu, wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, tafiyarsa da ɗingishi za ta kasance.

Wannan hanya tana da tsofaffin da suka share ta. Dakta Barau Dikko, haifaffen Wusasa a Zariya, shi ne likita na farko daga Arewacin Najeriya. Ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, ya dawo ya yi aikin gwamnati tun daga ƙaramin likita, yana hawa mataki-mataki. Abin mamaki ga mutanen ƙasar zinare, a zamanin Janar Gowon shi aka ba kwamishinan tarayya mai kula da ma'adinai da wutar lantarki. Sunansa ne asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da shi. Sai marigayi Farfesa Umaru Shehu na Borno, wanda ya rasu a 2023. Fanninsa lafiyar al'umma ne, wato likitancin da ke fita ya tarar da mutane a garuruwansu maimakon ya jira su a ɗakin duba marasa lafiya. Ya koyar a Zariya, ya shugabanci Jami'ar Nsukka, kuma da aka yi taƙaddamar rigakafin shan inna a 2003, yana cikin dattawan da gwamnati ta ɗora wa binciken maganin. An saurare shi ne saboda an san inda ya fito, an san aikinsa.

Sai dai, jama'a, a nan maganar za ta ɗan juya. Kada wani ya ce sharhin nan yabon manya ya zo yi.

Ku tuna Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar dalmar ta shafa. An share ƙauyuka bakwai tun da farko, irin su Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Tungar Guru, da Duza. Yadda ake yi shi ne a kankare saman ƙasar tsakar gida da fartanya da shebur, a zuba a buhu, a kai rami na musamman a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Samarin ƙauyukan ne suka yi wannan aiki da hannunsu. Dole ne a share gida kafin a fara ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, domin idan aka wanke jininsa ya koma cikin ƙurar, an yi aikin banza. Bagega ta fi sauran girma, kuɗin share ta kuma ya maƙale a Abuja. A watan Mayu na 2012 aka yi babban taro kan gubar dalma a can Abujar, kuma MSF ta fito fili ta koka cewa ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da gangami a intanet, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka sa baki, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013. Kusan shekara uku yaran Bagega suna jira.

A duk tsawon wannan jira, Abuja ba ta rasa masu digiri ba. Ba ta rasa farfesoshi ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ɗauki fayil ɗin a hammata, ya bi shi ofis-ofis, ya ƙi barci har sai an sa hannu. Wannan ma yana cikin aikin shugaban lafiya, kuma hukuncin mai wannan sharhi shi ne a nan aka gaza. Wanda ya taɓa ganin yaron da dalma ta makantar, ko ta hana shi magana har abada, da wuya ya bar takarda ta kwana uku a tebur. Shi ya sa muke cewa a duba hanyar da mutum ya biyo.

Ga wani abu kuma da Zamfara ta nuna. Ba sai likita kaɗai ke iya jan ragamar lafiya ba. Dakta Mary Jean Brown, wadda ke shugabantar sashen yaƙi da gubar dalma a hukumar daƙile cututtuka ta Amurka a lokacin, asalinta ma'aikaciyar jinya ce. Dakta Simba Tirima, ɗan ƙasar Kenya, masanin muhalli ne. Ya yi shekaru yana auna ƙasar tsakar gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum tare da masu aikin sharewa, daga baya ya zama wakilin MSF a Najeriya baki ɗaya. Shi kansa shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros na ƙasar Habasha, wanda ya hau a 2017, ba likitan asibiti ba ne. Ilimin halittu ya karanta, ya taso ta aikin zazzaɓin cizon sauro, ya yi ministan lafiya a ƙasarsa. A wurinmu kuwa, an saba ganin nas ko malamin asibiti ko mai gwajin jini ya yi shekara talatin yana aiki, ya san kowane ƙauye da kowace rijiya, amma idan aka zo rabon manyan kujeru ba a ko tuna sunansa.

Wannan ya dawo da mu gida, inda maganar ta fi zafi.

Kusan duk sunayen da kuka ji, baƙi ne. Wani daga Kano, wani daga Bauchi, wani daga Kenya, wata daga Amurka. Sun zo, sun yi aiki, Allah Ya saka musu da alheri. Amma ina 'ya'yan Anka? Ina 'ya'yan Gummi da Bukkuyum? Suna nan. Su ne suka yi tafinta. Su ne suka ɗebi jini, suka rubuta sunayen yara a rajista, suka bi uwa har gida idan ta fasa kawo ɗanta karɓar magani. Su ne suka zauna da iyaye mata makonni a asibitin Anka da na Bukkuyum. Fiye da shekara goma suna wannan aiki, har MSF ta miƙa shirin gubar dalma ga gwamnatin jiha a farkon 2022. A duk faɗin Afirka da wuya a sami mutanen da suka san jinyar gubar dalma a jikin ƙananan yara kamar waɗannan. Da irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, darasin Zamfara aka ɗauka aka yi aiki da shi. Tambayar ita ce, an buɗe wa waɗannan ma'aikata ƙofar ƙaro karatu? An ba su gurbin da za su hau? Ko kuwa da kwangila ta ƙare, ilimin ya bi su gida ya zauna?

Matakan hawan suna nan, ba sai an ƙirƙiro su ba. Akwai makarantar koyon aikin lafiya a Tsafe. Akwai ta jinya da ungozoma a Gusau. Akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta a Sakkwato, wanda ɗan Gummi ba ya ganin nisansa. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, inda matashin likita zai goge. Abin da ake nema shi ne a riƙa tura yara, a biya musu, kuma idan sun gama a ba su dalilin dawowa. Garin Gummi ya haifi Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, wanda ya kai babban alƙalin Abuja kafin ya hau sarautar garinsu. Garin da ya iya wannan zai iya haifar shugaban asibitin koyarwa.

A nan dole a yi maganar 'ya'ya mata. Wanda ya fi kowa shiga asibiti a ƙasarmu mace ce, ko da cikinta ko da goyonta. Mata da yawa sun gwammace su haƙura da ciwo da a ce namiji ne zai duba su. Maigidan da ke son mace ta duba matarsa, shi ne ya kamata ya fara barin 'yarsa ta gama sakandare. A 2023 mace ce, Dakta A'isha Anka, ta riƙe kujerar kwamishinar lafiya ta jihar Zamfara. Yarinyar da ke aji uku a yau ta ji wannan, ta san hanyar ba a rufe take ba.

Babu mai musun cewa lokacin yana da wuya. Rashin tsaro ya rufe ƙananan asibitoci da dama a karkara. Ma'aikaci yana tsoron hanya, kuma yana da gaskiya. Likitoci suna ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila. Ambaliya ta yi wa Gummi ɓarna a daminar 2024. Amai da gudawa, da ƙyanda, da tamowa ba su daina zagayowa ba. Sannan haramcin haƙar ma'adinai da Gwamnatin Tarayya ta sanya wa Zamfara a 2019 an ɗage shi a ƙarshen 2024, dutsen kuma bai canja hali ba, dalmar tana nan a cikinsa. Irin wannan lokaci ne ya fi buƙatar shugaban da ya san ƙasa. Wanda zai ji an ce agwagi suna mutuwa a wani ƙauye, ya tashi mota tun kafin a fara haƙa ƙananan kaburbura. Kujerar lafiya ba ladan yaƙin neman zaɓe ba ce. Idan aka ba da ita don a saka wa wani, yaran ƙauye ne ke biyan bashin.

Saboda haka, masu sauraro, ga kiranmu. Mai girma gwamna da shugabannin ƙananan hukumomi, idan za ku naɗa, ku duba inda mutum ya yi aiki kafin ku duba wanda ya kawo sunansa. Iyayenmu sarakuna, Allah Ya ja zamaninku, ku da kuka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje, ku sa baki a tura yaran masarautunku karatun lafiya, maza da mata. Matasan da ke asibitocin Anka, da Gummi, da Bukkuyum a yau, kada ku raina wurin da kuke, ku riƙe rajistarku da kyau, ku nemi ƙarin karatu. Ku kuma jama'ar gari, ran da kuka ji an naɗa sabon shugaban lafiya, ku yi masa addu'a, sannan ku tambaya a fili: a wane ƙauye ya taɓa aiki, kuma yaushe zai zo namu?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.